Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin da ke Hana 'Yar Kififiya Nutsewa da Cin Abinci

Gabatarwa

A ƙasar Dutsi, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura a Jihar Katsina, da zarar ruwan watan Agusta ya kankama sai kududdufai da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini su cika su batse. A wannan lokaci ne yara masu kiwo da masu kamun kifi sukan ci karo da 'yan ƙananan kififiya, waɗanda faɗinsu bai ɗara murfin kwalba da yawa ba. Yaro yakan ɗauki ɗaya ya kai gida, ya zuba ruwa a roba ko tsohon daro ya jefa ta ciki, ya riƙa kamo mata fara da tana. Makonnin farko kome yakan tafi daidai. Tana cin abin da aka ba ta, kuma da ta ga inuwar mutum sai ta nutse ta lafe a gindin robar.

Amma da kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai abubuwa biyu su bayyana kusan a tare. Na farko, ta daina kula abinci, ko da an kawo shi dab da bakinta. Na biyu, ta kasa nutsewa, ta riƙa reto a saman ruwa kamar ɓawon gyaɗa, wani lokaci ma a karkace, ɓangare ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Mutanen gida sukan ce ƙoshi ne, ko kewar tafki ce ke damun ta. Bayan kwanaki sai a wayi gari ta mutu, yaro ya yi kukansa, a ce kwananta ne ya ƙare.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ƙin abinci da kasa nutsewa alamu ne na wani abu da ya lalace a cikin jikin dabbar, kuma galibi asalin lalacewar yana cikin robar da aka ajiye ta. Wanda ya fahimci yadda jikin kififiya ke aiki zai iya karanta waɗannan alamu tun da sauran lokaci.

Wace dabba ce wannan?

Bahaushe ya bambanta kunkuru, wanda ke zaune a tudu yana cin ganye, da kififiya wadda rayuwarta ta rataya a kan ruwa. Masana sun ƙidaya fiye da nau'i 350 na wannan dangi a duniya. A manyan koguna da tafkuna na arewacin Nijeriya akwai masu taushin baya, waɗanda masunta suka sani ƙwarai saboda cizonsu. Amma wadda aka fi tsinta a kududdufan damina na ƙasashen Sahel ita ce mai ƙoƙo mai tauri, launin ƙasa-ƙasa, wadda masana ke kira *Pelomedusa*. An daɗe ana ɗaukar ta nau'i ɗaya a duk faɗin Afirka, sai a shekarar 2014 binciken ƙwayoyin gado ya sa aka raba ta nau'i goma. Ana gane ta da abu biyu: idan ta tsorata ba ta janye wuya kai-tsaye cikin ƙoƙo, lanƙwasa shi take yi gefe guda, sa'an nan tana fitar da wani ruwa mai ɗoyi don korar maƙiyi.

Wannan dabba ta dace da ƙasar da ruwanta na wata huɗu ne. Da damina tana farautar ƙwari, talibambam, katantanwa, tana da ƙananan kifi. Idan ruwa ya fara ja baya, sai ta tona taɓo ta binne kanta, bugun zuciyarta da numfashinta su ragu, ta zauna a haka wata da watanni ba ci ba sha har ruwan sama ya dawo. Waɗanda ke zaune a ruwan da ba ya ƙafewa da wuri, kamar madatsar Daberam da ke tsakanin Dutsi da Daura, suna da zurfin ruwa da lakar da za su fake a ciki. Ke nan a daji kififiya ba ta fuskantar sanyin hunturu a fili. Wadda ke cikin roba kuwa ba ta da taɓon shiga, ba ta kuma da zurfin gudu.

Sirrin nutsewa da tasowa

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, masanin Girka Arkimidis ya bayyana cewa duk abin da aka saka a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Idan abin ya fi wannan ruwa nauyi sai ya nutse, idan bai kai ba sai ya taso. Wannan ne ya sa dutse ƙarami ke nutsewa alhali babbar gorar masunci tana ɗauke da mutum a kan kogi.

Jikin kififiya ya haɗa dutse da gora a wuri ɗaya. Ƙoƙonta ƙashi ne na gaske, fiye da guda 50 da suka manne da juna, ciki har da haƙarƙari da ƙashin baya, kuma ƙashi ya fi ruwa nauyi. Abin da ke rage wannan nauyi shi ne huhu guda biyu, na dama da na hagu, waɗanda ke shimfiɗe a can sama, manne da rufin ƙoƙon baya. Hanji da hanta da sauran kayan ciki masu nauyi suna ƙarƙashinsu. Duk wanda ya taɓa ganin ƙwaryar da mata ke kifawa a kan ruwa don kiɗa ya ga misalin wannan tsari: iska a sama, nauyi a ƙasa, shi ya sa dabbar ba ta kifewa.

To amma ta yaya take zaɓar nutsewa ko tasowa, alhali ƙoƙonta ba ya kumbura ba ya motsewa? A shekarar 1969 wani masanin Amurka, Donald Jackson, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da wata kififiyar ƙasarsu mai jan tabo a bayan ido. Ya liƙa wa wasu abu mai nauyi, wasu kuma ya liƙa musu abin da ke tasowa, sa'an nan ya zuba ido. Waɗanda aka ƙara wa nauyi sai suka ƙara iskar huhu suka zubar da ruwan da suke tarawa a mafitsara da wasu 'yan jakunkuna da ke kusa da dubura. Waɗanda aka ɗaura wa abin tasowa kuwa suka rage iska suka ƙara ruwa. Wato wurin da ke cikin ƙoƙo ƙayyadadde ne, iska da ruwa ne ke musayar gurbi a cikinsa. Kusan irin wannan dabara ce jirgin ƙarƙashin teku ke amfani da ita, inda yake cika tankunansa da ruwa in zai nutse, ya kore ruwan da iska in zai taso.

Daga nan za a gane cewa lafiyayyar kififiya tana iya kwanciya a saman ruwa don ganin dama, amma a miƙe daidai, kuma da an taɓa ta za ta nutse. Wadda ke son nutsewa tana fafutuka da ƙafafu ruwa yana maido ta sama, ita ce ma'auninta ya ɓaci: ko iska ta taru inda bai kamata ba, ko ruwa ya shiga inda iska ya kamata ta kasance.

Akwai wani rauni kuma a wannan tsari. Mutum yana numfashi da taimakon haƙarƙari da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma da su yake tari ya fitar da majina. Kififiya ba ta da wannan tantani, haƙarƙarinta kuma a ƙage suke. Wasu tsokoki ne na kusa da gindin ƙafafu ke ja da tura kayan ciki don iska ta shiga ta fita. Saboda haka ba ta iya tari. Duk majinar da ta taru a huhunta, da wuya ta fita.

Zafi shi ne linzami

Jikin mutum yana riƙe da zafin digiri 37 a ma'aunin Salshiyas ko ana ɗari ko ana bazara, domin yana ƙona abinci ya samar wa kansa ɗumi. Kififiya ba ta da wannan baiwa. Zafin jikinta shi ne zafin ruwan da take ciki. Masana sun lura cewa yawancin ayyukan sinadarai na jikin irin waɗannan dabbobi suna raguwa da kimanin rabi duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10. Ƙaramar kififiya tana buƙatar ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 28, da wurin shan hantsi da ya ɗan fi haka, kafin cikinta ya narkar da abinci yadda ya kamata kuma garkuwar jikinta ta yi aiki.

A watannin Disamba da Janairu, zafin dare a arewacin Katsina yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ruwan roba kuwa yakan fi haka sanyi, saboda dalilin da kowace uwargida ta sani game da randa: busasshiyar iska tana kwasar tururi daga fuskar ruwa, tururin kuma yana tafiya da zafi. Ɗan ruwan da ke cikin daro a tsakar gida, iskar hunturu na busa shi dare farai, yakan yi sanyi ƙarara kafin asuba, da rana kuma ya ɗumame. Kududdufi mai faɗi da laka a gindinsa ba ya irin wannan hawa da sauka. Ƙaramin jiki kuma ya fi babba saurin rasa zafi, shi ya sa abin ya fi kama 'ya'ya.

Idan sanyi ya kama ta, abu uku ne ke biyo baya. Sha'awar abinci takan ɗauke. Abincin da ya riga ya shiga hanji yakan tsaya cak bai narke ba, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da shi su fitar da iska. Sa'an nan garkuwar jiki takan yi rauni, ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan, waɗanda a da ba su iya yi mata kome, su sami hanyar shiga huhu. Idan aka haɗa da ruwan da ba a sauyawa, wanda kashi da ragowar nama suka gurɓata, to an shirya wa ciwon huhu shimfiɗa.

Yadda ake karanta alamun

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin cikin kififiya kuwa, yanayin zamanta a kan ruwa ake tambaya. Sai a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a daro, a saka ta, a tsuguna a dube ta daga gaba ko daga baya.

Idan ta karkace gefe guda, kamar kwalekwalen da aka loda wa kaya a ɓangare ɗaya, abin da aka fi zargi shi ne ciwon huhu. Huhun da ya kamu ya cika da majina da mugunya, ya rasa iskarsa, don haka wannan ɓangare ne ke nutsewa, mai lafiyar ya taso. Yawanci akan ga wasu alamu tare da wannan: kumfa ko majina a hanci da baki, miƙa wuya da buɗe baki don neman iska, ɗan sauti kamar fito lokacin numfashi, da yawan zama a waje idanu a rufe. Idan huhun biyu duka sun kamu, ba lallai ne ta karkace ba, saboda haka rashin karkata ba shaidar lafiya ba ne.

Idan kuwa gindinta ne ke tasowa kai yana ƙasa, an fi zargin iskar hanji. Sanyi yana kawo wannan, haka ma abincin da bai dace ba, da tsutsar ciki, da toshewar hanji. Ƙananan kififiya suna haɗiye tsakuwa, guntun leda ko zare, abin ya tokare hanya, iska ta taru a bayansa. Wadda ta kwana biyu ba a ga kashinta a ruwa ba, a yi tunanin haka.

Wani lokaci kuma rauni ne. Faɗuwa daga hannun yaro, cizon kare ko tsatsar kaza na iya fasa ƙoƙo, kuma tun da huhu na manne da rufinsa, iska na iya tsiyayewa cikin kogon ciki. Haka nan huda gefen ƙoƙo don a ɗaura zare, kamar yadda wasu ke yi, huda ƙashi ne mai jini da jijiya, yana da zafi kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Ƙin abinci shi kaɗai ba kullum ne yake nufin ciwo ba. Wadda ta ƙyanƙyashe kwanan nan tana ɗauke da ragowar gwaiduwa a cikinta, takan yi kwanaki ba ta neman kome. Wadda aka kama jiya tsoro na iya hana ta ci. Bugu da ƙari, kififiya a cikin ruwa take haɗiya, don haka wanda ya ajiye mata abinci a busasshiyar ƙasa zai zaci ƙi ta yi. Amma idan ƙin abincin ya kai mako guda a ruwa mai ɗumi, ko ya haɗu da kasa nutsewa, to magana ta girma.

Abinci da hasken rana

Kuskuren da aka fi yi shi ne ciyar da ita abin da ke cikin tukunyar gida. Tuwo da burodi da shinkafa ba abincinta ba ne, ruwa kawai suke ɓatawa. Tsokar nama zalla ma ba ta wadatar ba, domin ba ta da isasshen sinadarin kalsiyam da bitamin A. Ƙarancin bitamin A yana kumbura fatar ido har ya rufe, dabbar da ke farauta da ido kuwa in ba ta gani ba za ta ci ba. Har ila yau yana lalata lallausan tantanin hanyar numfashi, wanda shi ne katangar farko da ke tare ƙwayoyin cuta. Ƙarancin kalsiyam kuma yana sa ƙoƙo ya yi taushi ya lanƙwashe. Jiki ba ya iya amfani da kalsiyam sai da bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan hasken rana ya taɓa ta kai-tsaye. Gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ke wannan aiki. Abincin da ya dace shi ne irin na kududdufi: tana, fara, shinge, da ƙananan kifi ɗungum da ƙashinsu da kayan cikinsu, muddin ba daga gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari aka kamo su ba.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne a rage ruwan, ya zama tana iya tsayawa da ƙafafunta ta ɗaga kai ta shaƙi iska ba tare da iyo ba, domin marar lafiyar kififiya na iya gajiya ta mutu a ruwa kamar kowace dabba mai huhu. Na biyu, a ɗumama ruwan zuwa kimanin digiri 27 ko 28, a sauya shi kullum da ruwa mai irin wannan ɗumi. Da dare a shigar da ita ɗaki nesa da iska, amma kada a ajiye ta kusa da garwashi ko hayaƙi. Da hantsi a fitar da ita rana, a saka dutse mai faɗi da za ta hau ta bushe, a kuma rufe rabin daron don ta sami inuwa, domin rana tsaka na iya kashe ta cikin ɗan lokaci. Idan suna da yawa a ware marar lafiyar. Kada a ɗura mata abinci da ƙarfi, yana iya faɗawa hanyar iska.

Iskar hanji da sanyi ya jawo takan wuce cikin 'yan kwanaki idan ɗumi ya samu. Ciwon huhu kuwa ba ya jin ɗumi kaɗai, sai an haɗa da likitan dabbobi. A manyan asibitoci, kamar asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, hoton ƙashi da aka ɗauka daga gaba yana nuna huhun biyu gefe da gefe, mai iska ya fito baƙi, wanda ya cika da ruwa ya fito fari-fari. Maganin ƙwayoyin cuta galibi ta allura ake ba da shi, gwargwadon nauyin dabbar, wanda a nan 'yan giram ne kawai.

Wajibi ne a yi gargaɗi game da magungunan da ke hannun masu kiwo. Maganin tsutsa da kaska da ake kira ibamektin, wanda ake yi wa awaki da shanu, guba ne ga kunkuru da kififiya, yana shanye musu jiki ya kashe su. Allurar bitamin A da ta wuce kima kuma tana saɓule musu fata. Fasa kafso a zuba a ruwa ba ya warkar da huhu.

Lafiyar mutanen gida

Kififiya, ko da lafiyarta ƙalau, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinta, mai sa zawo da zazzaɓi, wadda ta fi yi wa ƙananan yara illa. Saboda wannan ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da waɗanda tsawon ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba, wato kimanin santimita 10, tun shekarar 1975. Don haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, kada a wanke daronta inda ake wanke kwanuka, kada a saka ta a randa ko rijiya, kuma kada a bar yaron da bai kai shekara biyar ba ya yi wasa da ita.

Baƙuwar kififiya mai jan tabo ta Amurka, wadda ake fataucinta a duniya don ado, kada a sake ta a tafki ko madatsa. Ta riga ta mamaye ruwaye a ƙasashe da dama tana ƙwace wa 'yan gida abinci da wurin shan rana, har Tarayyar Turai ta hana shigo da ita a 1997.

Kammalawa

Yaron da ya ɗauko kififiya daga kududdufi ba mugunta ce ta sa shi ba, sha'awa ce da son sani, kuma daga irin wannan sha'awa masana ke tasowa. Abin da ya rage ga iyaye da malaman makaranta shi ne su nuna masa cewa wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta da ɗuminta. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, sananne ne ga kowane ɗalibi.

Rigakafi ya fi magani. Yaro na iya riƙe lafiyayyar kififiya 'yan kwanaki da damina, ya kalli yadda take lanƙwasa wuya, yadda take nutsewa da tasowa, ya zana ta a littafinsa, sa'an nan ya mayar da ita kududdufin da ya ɗauko ta tun taɓo yana da danshi, kafin ƙarshen Satumba. A can za ta tona makwancinta ta kwana hunturu da bazara a ƙarƙashin ƙasa, idan ruwan Yuni ya sauka ta fito.